Hutun Iyali A Bakin Ruwa: Jibiya Ta Ɗauki Farashin, Ta Bar Katangar

Duk lokacin da hutun makarantu ya ƙarato, ko aka shiga shirye-shiryen Sallah, sai ka ga kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Kano da Kaduna da Abuja sun cika wayoyin jama'a da tallace-tallace masu ɗaukar ido: farin rairayi, shuɗin ruwa, itatuwan kwakwa, ga yara suna ta tsalle a wurin iyo, iyayensu na kishingiɗe a inuwa. Yau Zanzibar ce, gobe tsibiran Maldibis, jibi Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar ko gaɓar Antaliya ta Turkiyya. Abin da ake sayarwa a cikin waɗannan tallace-tallace kuwa abu ɗaya ne, wato magidanci ya biya kuɗi sau ɗaya tak, a dunƙule, shi ke nan ya gama. Ɗakin kwana da abincin safe da na rana da na dare, da abin sha, da wasannin yara da mai kula da su, kai wani lokaci har da kuɗin jirgi da motar da za ta ɗauko iyali daga filin jirgin sama, duk suna ciki. Da an isa sai a ɗaura wa kowa wani ɗan zare na roba a wuyan hannu, wanda shi ne shaidar an biya, daga nan babu mai sake tambayarsa ko sisin kwabo har ranar komawa gida.

Sanin kowa ne cewa akasarin masu karanta wannan shafi kallo ne nasu. A watan Mayun 2023 ana canjin Dalar Amurka ɗaya a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati, amma kafin shekarar 2024 ta yi nisa ta haura Naira 1,500. Mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024 Naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko ma wanda ya ninka shi sau biyar, ba shi da ta cewa a zancen kai mata da 'ya'ya bakin tekun Indiya. Hatta masu hannu da shuni da suka saba da Dubai sun ɗanɗana kuɗarsu tun daga ƙarshen 2022 zuwa tsakiyar 2024, lokacin da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya biza. To me ya kawo wannan batu shafin ra'ayi? Dalilin shi ne, a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga birnin Katsina akwai ruwa shimfiɗe, akwai masauki a gefensa, kuma da wuya ka sami magidanci a Katsina ko Kano ko Gusau da idan ya tashi tunanin inda zai kai iyalinsa hutu sunan Jibiya zai faɗo masa a rai.

Madatsar ruwan Jibiya, wadda aka gina a kan kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, ba ƙaramin aiki ba ce. Tsawon bangonta ya haura kilomita uku da rabi, tsayinsa ya ɗara mita 23, kuma an tsara ta ta riƙe ruwan da ya kai mita miliyan 142 a ma'aunin ƙubik. An yi ta ne domin noman rani da ruwan sha, tana kuma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta Gwamnatin Tarayya. Ruwan da ya wuce ta shi ne ke tsallaka iyaka ya zama Gulbin Maraɗi, ya yi kewaye a cikin Jamhuriyar Nijar, sannan ya dawo Nijeriya ya haɗu da kogin Rima. A wannan yanki ne masaukin shaƙatawar nan da ake kira Jibia Holiday Resort yake, wanda duk sa'ad da aka zo lissafa wuraren buɗe ido na Jihar Katsina sai an ambace shi tare da Hasumiyar Gobarau da Rijiyar Kusugu da Durɓi ta Kusheyi. Ambaton dai ana yi, a takardu da jawaban bukukuwa. Abin da muka daɗe ba mu ji ba shi ne wani tsararren shiri na mayar da wurin inda talaka mai ɗan rufin asiri zai kwashi iyalinsa ya je ya kwana biyu ya dawo da labari.

Ra'ayin wannan jarida shi ne Jibiya na da darasi guda biyu da za ta koya daga waɗancan masaukai na bakin teku, ɗaya na ɗauka, ɗaya na bari. Kafin mu zo gare su, ya kyautu mai karatu ya san inda tsarin ya samo asali, domin ba attajirai aka fara yi wa shi ba. A shekarar 1936 wani ɗan kasuwa mai suna Billy Butlin ya buɗe sansanin hutu a garin Skegness na bakin tekun Ingila, inda ma'aikatan masana'antu ke biyan kuɗin mako guda su samu wurin kwana da abinci sau uku da wasanni. A shekarar 1950 kuma Gérard Blitz, ɗan ƙasar Beljiyam, ya kafa Club Med a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen, kuma baƙinsa na farko a cikin tantuna suka kwana. Sai daga baya ne tsarin ya ƙaura zuwa ƙasashe masu zafi, musamman tsibiran Karibiyan, inda Gordon Stewart ya buɗe Sandals a Montego Bay ta Jamaika a 1981, kamfanin da a 1997 ya fito da reshen Beaches domin masu tafiya da yara. Wato abin da a yau ake yi wa kallon almubazzarancin masu kuɗi, asalinsa dabara ce ta sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi.

Sirrin abin kuwa bai wuce sanin farashi tun daga gida ba. Duk magidancin da ya taɓa fita da iyali ranar yawon Sallah, ko da gidan namun daji na Audu Bako da ke Kano ne, ya san cewa kuɗin shiga ba su ne matsala ba. Matsalar tana cikin abin da ke biyo baya: wannan yaro na son lemo, wancan na son hawa lilo, mai hoto ya biyo ku, mai balan-balan ya tsaya a gabanku ya ƙi gusawa, kafin la'asar aljihu ya yi ƙasa, fuskar maigida ta murtuke, a dawo gida ana hararar juna. Tsoron wannan kashe-kashen da ba a san iyakarsa ba shi ne ke hana dubban mutanen da ke da halin fita su fita. Idan aka ce wa malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti ga abin da zai biya na kwana biyu, shi da mai ɗakinsa da yara biyar, babu ƙari babu ragi, to zai iya shiga adashi dominsa, ƙungiyar ma'aikatansu za ta iya yanka masa kaɗan-kaɗan a albashi, kamar yadda ake yi wa ragon layya da buhun shinkafar azumi.

Akwai kuma wata fa'ida da ba kasafai maza ke kawo ta a lissafi ba, alhali ita ce ta fi kowace girma. A ƙasar Hausa idan an ce hutu, ma'anarsa a tafi ƙauye wurin kakanni, ko a je biki ko suna ko ta'aziyya. Zumunci ne, kuma babu mai raina shi. Amma a tambayi uwar gida ko ta huta. Tukunyar da ta bari a birni ita ce za ta tarar a ƙauye, sai dai ma a ce ta ƙara girma, ga wanki, ga rainon yara, ga hidimar dangin miji. Mace na iya shekara ashirin a gidan aure ba a taɓa yin kwana biyu a jere da ba ta hura wuta ko ta tsaya a kan mai hurawa ba. Masaukin da ke ɗauke wa uwa girki da wanke-wanke, ya kuma samar da amintattun mata masu kula da yara na 'yan awoyi, ya ba ta abin da kuɗin anko da na atamfa ba su taɓa ba ta ba. Duk wanda zai tsara wurin hutun iyali a Arewa bai fara da wannan tunani ba, to ya gina wa maza majalisa ne kawai a bakin ruwa.

Sai dai fa akwai wani tsohon tabo da dole a wanke. A kunnen Bahaushe kalmar otel ba ta da daɗin ji. Da an ambace ta sai tunani ya tafi ga giya da kiɗa da matan banza, shi ya sa mutumin kirki zai yi ta jan ƙafa kafin ya ce wa surukansa ya kai 'yarsu otel ta kwana. Wannan ba matsalarmu ba ce mu kaɗai, kuma wasu sun riga sun warware ta. A gaɓar Alanya da Antaliya ta Turkiyya akwai manyan masaukai da aka gina musamman domin iyalan Musulmi: babu barasa, abinci na halal ne, akwai masallaci, wurin iyo na mata daban a killace, ma'aikatansa mata, ba a shiga da waya ko kyamara. Suna cika maƙil da baƙi daga Turai da ƙasashen Larabawa, har da 'yan Nijeriya masu hali. Jihar Katsina, wadda ke aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, ba ta bukatar wanda zai koya mata wannan. Abin da take bukata shi ne ta gane cewa kamun kai haja ce da ake saye da tsada a kasuwar duniya. Haka nan ginin kansa sai ya dace da mu. Ɗaki mai gado biyu da Turawa suka tsara wa miji da mata da yara biyu ba zai ɗauki gidan Malam mai mata biyu da 'ya'ya tara da ƙanwar uwargida ba. Sassa ake bukata, kowane da ɗan tsakar gidansa da zaurensa, a kuma yanka farashi a kan sashe maimakon a kan kowane kai.

Wannan shi ne darasin ɗauka. Na bari kuwa shi ne katanga. Masaukin da ya karɓi kuɗin baƙo gaba ɗaya ba ya son baƙon ya fita, shi ma baƙon da ya riga ya biya kuɗin abincin rana ba ya ganin dalilin da zai sa ya je gari ya sake saye. Sakamakon haka sai a wayi gari ga dubban baƙi a cikin shinge suna ci suna sha, ga mai gidan abinci da mai tasi da mai sayar da kayan hannu a waje suna hamma. Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa a yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye na biya ɗaya, kusan kashi 80 cikin 100 na abin da matafiyi ya kashe yana ƙarewa ne a hannun kamfanonin jiragen sama da na otel-otel da sauran kamfanonin ƙetare, ba a hannun mutanen garin da aka je ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Nan kusa da mu a Afirka ta Yamma, ƙasar Gambiya ta ji jiki har ta kai ga haramta tsarin a shekarar 1999, domin kare ƙananan 'yan kasuwarta. Ba a je ko'ina ba manyan kamfanonin Turai masu kawo baƙi suka matsa mata lamba, dole ta janye haramcin. Wanda ya bari aka gina katangar kafin ya yi magana, ya makara.

Idan akwai garin da bai kamata a ƙara masa wata katanga ba a ƙasar nan, to Jibiya ne. Gari ne da rayuwarsa ta dogara ga shige da fice, tsakanin Magama a wannan ɓangare da Ɗan Isa a wancan, kuma a cikin 'yan shekarun nan an sha toshe masa numfashi. A watan Agustan 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu. Da aka buɗe wasu a Disambar 2020 ba a sa Jibiya a ciki ba, sai a watan Afrilun 2022. A 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, gwamnatin jiha ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya na tsawon watanni. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, aka sake garƙame iyakar har zuwa watan Maris na 2024. Ga kuma ambaliyar watan Yulin 2018 da ta ci rayukan mutane sama da 40 a dare ɗaya. Direbobi da 'yan dako da masu abinci da 'yan canji na wannan gari sun ga abin da ya ishe su. A ce kuma an zo an kewaye mafi kyawun gaɓar ruwansu, ana shigo da kaji daskararru da shinkafar waje da ma'aikata daga nesa, su kuwa nasu bai wuce gadi da shara ba, wannan zai zama cin fuska ne da sunan ci gaba.

Hanyar kauce wa haka a rubuce take tun a takardar yarjejeniya, kafin a ɗora bulo ɗaya. Duk wanda za a bai wa wurin ya gudanar, a sharɗanta masa cewa kifin da zai dafa daga hannun masuntan madatsar zai saya, tumatir da albasa da kankana daga manoman ranin da ke shan ruwanta, nono da man shanu daga rugagen da ke kewaye, nama daga mahautan garin, kuma a bayyana kason a fili yadda kowa zai iya bin diddigi. A sharɗanta masa horar da samari da 'yan matan yankin har su kai ga riƙe manyan muƙamai, ba share ɗakuna kaɗai ba. Akwai ma wata dabara da za a iya juyawa. A shekarun farko na Club Med, baƙi ba sa riƙe kuɗi a cikin sansani; wasu duwatsun ado ake ba su a zare, su rataya a wuya, da su suke sayen abin sha, amma ba su da wani amfani da zarar an fita ƙofa. To Jibiya ta yi akasin haka. A cikin dunƙulallen kuɗin da magidanci ya biya, a mayar masa da wani kaso a matsayin tikiti wanda ba ya aiki sai a cikin gari: wurin mai tsire, wurin mai fura, wurin maɗinki da baduku da mai tabarma, su kuma su kai tikitin masauki a ba su kuɗinsu a ƙarshen mako. Ta haka baƙo bai rasa natsuwarsa ta sanin farashi ba, gari kuma bai zama ɗan kallo ba.

Haka kuma bai kamata kwana biyun su ƙare a zaman ɗaki da cin abinci ba, domin yankin na da abin nunawa wanda babu shi a Maldibis. Yaron da aka kai Jibiya ana iya wucewa da shi Katsina ya ga Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina da ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, a kai shi Daura ya leƙa Kusugu. Idan hanya ta yi kyau a tsallaka da shi tafkin Madarumfa, inda ake ziyartar kaburburan waliyyai 99, a ƙarasa Maraɗi ya ji dalilin da ya sa har gobe ake kiran sarkinta Sarkin Katsina, tun bayan da sarakunan Haɓe suka bar birnin a farkon ƙarni na 19. Wannan darasin tarihi ne da babu allon da zai koyar da shi kamar yadda ido zai gani. Su ma Alhazan Maraɗi da iyalansu, waɗanda ke da nisa da teku fiye da mu, kasuwa ce babba da ke zaune a bakin ƙofa. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025 ba ta raba dangin da ke aurar da juna tun kafin a ja layin iyaka ba.

Mun san abin da mai karatu ke ta son ya ce tun ɗazu: wa zai kwashi matansa da 'ya'yansa ya kai su kwana a ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da dazukan Zamfara, inda aka sha jin labarin kisa da satar mutane? Tambaya ce ta gaskiya, kuma duk jami'in da ya amsa ta da takardar talla mai hotuna ya yaudari kansa. Gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, a shekarar 2025 kuma shugabannin al'ummar Jibiya suka shiga sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai, wasu ƙananan hukumomin suka bi sahu. Jihar Katsina ta ga sulhu a baya, ta kuma ga yadda ya warware, saboda haka ba za mu ce wa kowa ya saki jiki ba. Ma'auninmu mai sauƙi ne: ranar da manomin ƙauyukan da ke bayan madatsar zai kwana a gidansa, ya je gonarsa ya dawo ba tare da ya biya kowa haraji ba, ranar ce baƙo zai iya kwana a masauki. Tsaron da za a girke domin baƙi kaɗai, a bar ƙauyukan da ke kewaye a hannun Allah, shi ma wata katangar ce, kuma ba ta daɗewa. Amma jiran ranar bai hana a yi shiri ba. Ana iya farawa da yini: a zo da hantsi a koma kafin magariba, 'yan makaranta da ƙungiyoyin mata da iyalai a ranakun Sallah, har amana ta ginu a kai ga kwana.

Wani haɗarin da ba a cika maganarsa ba yana cikin ruwan kansa. Madatsa ba teku ba ce. Ruwan da ke kwance a ƙasashenmu shi ne matattarar dodon koɗin da ke yaɗa cutar tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini, ga kuma sauro da zazzaɓinsa. Don haka wurin iyon yara dole ya zama ginanne, mai tacaccen ruwa da magani, a bar madatsar ga kallo da kamun kifi da yawon kwalekwale. Shi ma kwalekwalen, ba mu manta da abin da ya faru a Bagwai ta Jihar Kano ba a ƙarshen watan Nuwamban 2021, lokacin da jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da fasinjojin da suka fi ƙarfinsa, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi, aka rasa rayuka kusan 30. Kada a bar yaro ko babba ya taka jirgi ba tare da rigar kariya daga nutsewa ba, a ƙayyade adadin fasinja a rubuce a jikin kowane jirgi, a ɗauki masu ceto daga cikin 'ya'yan masunta, waɗanda suka san ruwan fiye da kowa, a sa Sarkin Ruwa a cikin sha'anin. Haɗari ɗaya ya isa ya rufe wurin na shekara goma.

Saura batun wanda zai riƙe wurin, kuma a nan tarihi bai goyi bayan gwamnati ba. Marigayi Audu Bako ya gina otel na alfarma a bakin tafkin Bagauda, wanda a zamaninsa har daga ƙasashen waje ake zuwa. Yau harabar reshen Kano ce ta Makarantar Horar da Lauyoyi. Otel ɗin Rock Castle da ke kan dutse a gefen madatsar Tiga ya shafe shekaru masu yawa a yashe. A Kudu, Tinapa da aka buɗe a Kalaba a 2007 da kuɗi masu ɗimbin yawa ta ƙare cikin bashi da shagunan da babu kowa. Yankari, mai ruwan ɗumin Wikki da babu irinsa, takan tashi ta faɗi gwargwadon sha'awar gwamnan da ke kan kujera a Bauci. Cutar iri ɗaya ce: a kashe kuɗi a kan gini saboda shi ake yanke wa ƙyalle a gaban 'yan jarida, a manta da kuɗin gyaran famfo, sannan manyan jami'ai da 'yan uwansu su riƙa sauka kyauta har wurin ya durƙushe. Aikin gwamnatin jiha shi ne hanya da wuta da tsaro da doka, da daidaitawa da hukumar da ke da madatsar domin kada shaƙatawa ta taɓa ruwan sha da na noma. Gudanarwa kuwa a bayar da haya ta dogon lokaci ga ɗan kasuwar da ya san sana'ar, ta hanyar gasa a bainar jama'a, a kuma buga sharuɗɗan a jarida. Kowa ya zo ya biya, har kwamishina.

Ga masu cewa ana fama da abin da za a ci wa ke zancen hutu, amsarmu ita ce kuɗin hutun ana kashe su ko mun so ko mun ƙi; abin tambaya shi ne a wane gari suke sauka. Kowace shekara 'yan Arewa masu hali na canza Naira zuwa Dala su kai wa masu otel a Alƙahira da Dubai da Istanbul. Ko kaɗan daga cikin wannan ya tsaya a Jibiya, ya isa ya ɗauki ɗaruruwan matasa aiki a garin da rashin aikin yi ke tura 'ya'yansa fasa-ƙwauri ko abin da ya fi shi muni.

Lokaci kuma ba ya jira. Layin dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina zai bi, kuma Jibiya ce tasharsa ta ƙarshe a ɓangaren Nijeriya. Ranar da jirgin ya fara kai da komo, magidanci zai iya tasowa daga Kano da iyalinsa bayan sallar Asuba ya yi Azahar a bakin ruwa, ba tare da fargabar hanya ko tsadar man fetur ba. A ranar ce kuma farashin kowane fili da ke kallon madatsar zai yi tashin gwauron zabo, masu ido da kwalli su riga kowa. Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina da ta nemi a gabatar mata da cikakken bayani a kan halin da masaukin Jibiya ke ciki da kuma taswirar filayen da ke gaɓar ruwan, ta kira zaman jin ra'ayin jama'a a cikin garin Jibiya, ba a Katsina ba, a gayyaci masunta da manoman rani da matan da ke sana'ar abinci da hakimi da malamai, kafin a sanya hannu a kan kowace takarda da kowane mai zuba jari.